Daminar da Na Kai Kwanon Ofisa Gona

Bana ruwa ya sauka da wuri. Tun ba a gama baza takin da aka jibge a gonaki ba aka yi ruwan shuka, yanzu ga gero ya kusa gwiwa, ciyawa tana bin sa a baya. Ni na daina noma, ƙafafuna ko bakin rijiya ba sa kai ni, amma hancina bai tsufa ba. In ƙasa ta jiƙa daga ɗaki nake ji. Abin da ya sa na ɗauki biro dai ba ƙamshin ƙasa ba ne, jikana ne Sadiku. Ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida da jaka da waya, ga damina ta sake samun sa a gindin darbejiyar ƙofar gida. Da safe ya ja benci, in inuwa ta matsa shi ma ya matsa. Shekaranjiya na leƙa na ga zaman, na ce wannan zaman na san shi. Ubansa ya yi irinsa a gidan nan, a shekarar da ta fi kowace wuya.

Rubutuna na tsufa ne. Sai da na aurar da autata, maigidana Malam ya rasu, sannan na shiga ajin manya da ake yi mana bayan la'asar. Yadda nake magana haka nake rubutawa. Wanda bai yi masa ba ya ajiye.

Uban Sadiku shi ne ɗana na fari, kuma ba zan rubuta sunansa ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta haɗa ido da shi. In da magana sai ta bi ta bakin wani, ko ta faɗa wa bango shi ya tsinta. Matan yanzu suna rangaɗa sunan na farinsu a gaban surukai, su ta shafa. Ni haka na taso. Mutanen gari ma sun sauƙaƙa mini, don tun yana shekararsa ta farko a jami'a suka laƙaba masa Ofisa, bai ko ga ƙofar ofis ba. Da shi zan kira shi a nan, tunda ba sunan yanka ba ne.

Shi ne na farko da ya kai jami'a a ƙauyenmu da ƙauyukan da ke kewaye da mu, nan arewa da Kano, wajen Ɗanbatta. Lokacin da ya tafi, duk wanda ya gama ba ya kwana a gida, aiki ne ke jiran sa a bakin ƙofa, har da gida da mota. Mun ga wani a kasuwar Ɗanbatta ya zo da tasa motar, yara suna shafa ta. Kafin namu ya gama duniya ta juya. Soja suka hau, aka ce a tsuke bakin aljihu. Aka rufe ɗaukar aiki, waɗanda ke ciki ma ana ta korar su. 'Yan garinmu da ke masaƙu a Kano suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya da tabarminsu a naɗe. Sama kuma ta riƙe ruwanta, damina ta wuce ba a cika rumbu ba, wata ta sake wucewa haka. A cikin wannan ya dawo da takardarsa a leda.

Gidanmu gandu ne a lokacin. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Malam ne kan gida, sai Habu, ƙanin Ofisa, wanda bai wuce firamare ba ya kama fartanya, da matarsa Ladi tana goyo, sai 'yan matana ƙanana. Ƙasarmu ta matsi ce, gona a jikin gona, babu dajin da mutum zai sara ya ƙara. Abin da ka gada shi za ka ta bai wa taki kana roƙon sa shekara da shekara. Duk tsawon karatun Ofisa, Malam da Habu ne suka riƙe gonar, kuma Habu bai taɓa cewa uffan ba. Kowa ya san ana shuka ne, za a girba.

To, Malam yana da wata fahimta tasa da ba mai raba shi da ita. Ya taɓa zuwa wani ofis a Kano tun yana saurayi, akawun ya miƙo masa hannu suka gaisa. Ya ce tafin mutumin kamar tuwon shinkafa. Daga baya wani masinja ya faɗa masa a kasuwa cewa in za a ɗauki mutum aikin ofis sai an duba tafin hannunsa da hasken fatarsa, in aka ga kanta an san manomi ne, sai a ce ya koma gona. Ko wasa masinjan yake ko gaske, Allah ya sani, ya mutu tuni. Malam dai ya riƙe. Ranar da Ofisa ya dawo ya tara mu ya ce yaron nan ba zai taɓa fartanya ba, ba zai ja guga ba, ba zai shiga rana ba sai da dalili, har ranar da za a kira shi. Ya sayo kwalbar basilin ya ba shi, ya ce safe da yamma. Ya ce da ni kuma kwanonsa a cika shi, don ofis ba sa ɗaukar ramamme.

Ofisa ya yi musu da farko. Ina jin su daga tsakar gida, yana cewa Baba takarda ake dubawa ba hannu ba. Malam ya ce shi da ya gaisa da akawu da hannunsa za a gaya wa. Yaron ya sake gwadawa, ya sake, sannan ya bari. Kada kuma mu yi wa juna ƙarya, inuwa tana da daɗi. Ga idon gari. Mutumin da ake gaisarwa da Ofisa, tsofaffi suna kawo masa rediyonsu ya fassara musu labaran Turanci, a gan shi ya duƙa a gona, ai sai a ce karatun ya tashi a banza. Shi ma ya san haka. Sai ya zauna a zaure. Lokaci lokaci ya goge farar rigarsa da dutsen guga na gawayi, ya hau motar Kano ya zaga ma'aikatu, ya dawo da ƙura a takalmi. Ba a tambayar sa, fuskar ta isa.

Bazarar shekarar ban ga irinta ba. Ƙasa in ka taka ba takalmi sai ka yi rawa ba kiɗa. Kaji suna kwance ƙarƙashin rumbu baki a buɗe. Rijiyar unguwa ta ja baya har sai da aka ɗaura wa igiya tsumma aka ƙara mata tsawo, gugan ya fito da rabin ruwa rabin laka, a zuba a randa a jira ya kwanta. Da ta ƙafe gaba ɗaya muka koma kududdufi, mu da shanu.

Kullum da asuba Malam zai hau rumbu ya fito da abin da za a ci. Da, dami yake jefowa. A shekarar nan sai ya kwance damin ya ƙirgo zangarniya a hannu, kuma kullum sai ya ƙara zurawa ciki kafin ya taɓo, har ta kai sai ya shiga da ƙafafunsa. Ni da Ladi mu sussuke, mu sheƙe, mu surfa. Dusar da a da ta akuya ce muka daina ba ta, muka riƙa mayar da ita cikin gari. Koko da safe, tsararo, kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana abin da ya samu. Da daddare tuwo da miyar kuka ba mai ba daddawa sosai, malmalar kamar ta wasan yara. Yunwar irin wannan lokaci ba kamar ta azumi ba ce. Ta azumi ta san magariba. Wannan ba ta san komai ba, tana nan kamar ƙaramin ciwon haƙori, ka kwanta da ita ka tashi da ita, ka riƙa jin haushin mutane ba su yi maka laifi ba.

Cikin wannan duka kwanon Ofisa a cike yake. Wani farin kwano ne mai murfi da jan fure, shi ya kawo mini tsaraba daga inda ya yi hidimar ƙasa, na mayar masa da shi na cin abincinsa. Kowa a akushi da ƙwarya yake ci, shi kaɗai ke da mai fure. Ladi ce take zubawa ina tsaye. Ba ta taɓa magana ba, sai dai in ta zo kan kwanon nan marar kwasar tuwon takan yi ƙara a jikin tukunya fiye da yadda ya kamata.

Ruwan farko ya zo, aka fita aka yi shuka, Malam yana sara da sungumi Habu yana bin sa da iri. Gero ya tsiro, ya yi kunnuwa, sai sama ta ɗauke. Hadari ya haɗu da yamma baƙi ƙirin, a yi ta cida, iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Aka fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye. Tsiron ya naɗe ya bushe. Da ruwa ya dawo aka sake shuka da irin da aka ɓoye a tulu, wanda daga shi babu wani. Wannan karon ya kama. Ruwan ya zauna sosai, kuma ciyawa ta fi geron jin daɗinsa. Harƙiya da ƙiri-ƙiri suka taso kamar an shuka su da gangan.

A nan kurkunu ya kama Malam. Yaran yanzu ba su san shi ba. Tsutsa ce doguwa kamar zare, a ruwan kududdufi ake shan ta, ta zauna a jiki shiru, ba ta tashi fitowa sai an shiga noma. Ta ɓullo masa a idon sawu, ƙafar ta kumbura kamar turmi. Ana naɗe kanta a tsinke ana ja kaɗan kaɗan, in ta tsinke a ciki an shiga uku. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Zaure ya zama na mutum biyu, ɗaya ƙafa a miƙe, ɗaya hannu a shafe.

Gona ta rage wa Habu shi kaɗai. Gayya ba ta kiruwa, don da abinci ake kiran gayya, ba wanda zai zo ya duƙa maka ya koma da cikinsa yadda ya zo da shi. Kowa ma ta kansa yake. Habu zai fita gari bai gama wayewa ba, ba zai dawo ba sai rana ta yi ja. Kafin ya kai ƙarshen gona, inda ya fara ya sake rufewa. Yunwa ta buɗe kulle a shekarar, mata irina duk mun fita, muna yagar tafasa da rama da yaɗiya a bakin gonaki muna kwaɗawa da ɗan ƙuli-ƙuli. Ni nake kai wa Habu na ranarsa da kaina. Na ga yadda wuyansa ya yi tsawo. Na ga geron ya fara ja a cikin ciyawa, ya tsaya cak ba ya gaba.

Wata rana na sauke masa akushi a gindin gawon da ke tsakiyar gonar. Ya ci a tsugune, ya suɗe, ya juya akushin. Bai dube ni ba ya ce, “Inna, in Allah ya kai mu kaka zan raba tukunya. Baba ya yanka mini inda zai yanka mini. Ruwan nonon Ladi ya ƙafe, ni kuma ba zan iya noma wa mai inuwa ba.”

Ban ce masa don me ba, don na sani. Na kwashe akushina na taho. A hanya na auna abin. Habu ne kaɗai fartanyar da ta rage a gidan. In ya ware, an bar ni da gurgu da Ofisa da 'yan mata, da guntuwar gonar da ba mai duƙa mata. Kuma 'yan'uwan da suka rabu a kan yunwa ba sa komawa daidai, na ga irinsu, ana gaisawa a masallaci kamar baƙi.

Na sami Malam na gaya masa. Ya ce Habu yaro ne, zafin rana ne ke magana. Na ce a saki babban ya taya shi ko na 'yan kwanaki ne. Ya ce shekarun da aka yi ana tara abu ba za a zubar da shi saboda harƙiya ba, in aka kira yaro gobe fa, ya je da hannu kamar bayan kada? Na ce in aka kai gobe da rai ke nan. Ya juya fuska bango.

Da wani ɗan ne cikin 'ya'yana da na kira shi na wanke shi tas, bakina ba ya ciwo. Amma wannan ba hanya. Na gwada ta bango. In ya shigo ɗaukar buta sai in kama kaza da faɗa, in ce ke dai kin iya cin tsaba ba ƙwai. Yana ji. Ya ɗauki butarsa sumsum ya fita. Na san ya sake yi wa uban magana, na kuma san amsar da ya samu, don washegari yana nan a zaure.

Sai na bar magana. Washegarin wata Juma'a Ladi ta gama kwaɗon rana, ta zuba na Malam, ta zuba na Habu, ta cika mai fure. Za ta aika da shi zaure na ce ta ajiye. Na ɗora akushin Habu a faifai, na ɗora mai fure a kansa, na aza a ka. Gidanmu ƙofa ɗaya ce, duk mai fita sai ya ratsa zaure. Na miƙa wa Malam nasa, na miƙe zan wuce. Jan furen nan ba ya ɓuya.

Malam ya ce, “Ina za ki da kwanon yaro?”

Na ce, “Gona.”

“Na ce ba zai yi noma ba.”

“Ban ce kowa ya yi noma ba, Malam. Kai ka hana fartanya, ban taɓa maganarka ba. Tukunya kuwa tawa ce. Abincin rana na masu lafiya a gona ake cin sa, haka na tarar a gidan nan.”

Ya kira sunana na yanka, abin da ya daɗe bai yi ba. Ban tsaya ba. Mai kurkunu ba ya bin mutum.

Ba ranar Ofisa ya biyo kwanonsa ba. Na ajiye kwanon a gindin gawo, Habu ya dube shi ya dube ni, bai taɓa ba. Da la'asar na dawo da shi na ba Ladi ta cinye, ta ci tana kuka, ban tambaye ta dalili ba. Washegari haka. Malam ya riƙa tura wa Ofisa rabin nasa, shi kuma ya ƙi, don duk abinsa ba zai ci abincin majinyaci ba. Koko da ɗan tuwon dare yake samu, kamar kowa. Malam ya daina amsa gaisuwata. Ni dai kullum in rana ta take in ratsa zaure da faifai a ka, ba na gaggawa.

Ranar da ya biyo an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, ƙasa tana tururi. Ina tafe na ji takalmi yana ƙwas ƙwas a bayana cikin taɓo. Ban waiwaya ba. Na sauke faifai a gindin gawo na koma gefe ina yagar tafasa. Ya zo da farar rigarsa da agogo, ya tsuguna, ya buɗe kwanon ya ci. Habu yana can tsakiyar gona a duƙe, bai ɗago ba, ba ka jin komai sai sarar fartanya da numfashinsa. To, namiji ba ya cin abinci a gaban ƙaninsa yana noma, ya suɗe hannu ya kama hanyar gida. Ba a yi wannan fuskar ba. Fartanyar Malam tana rataye a reshen gawon tun ranar da ƙafa ta kayar da shi, ban kawo ta ba, ban kuma ɗauke ta ba. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe ya cire rigar ya rataye inda fartanyar take, ya shiga ya kama layin da ke kusa da na Habu.

Sai da suka yi nisa Habu ya ce, “Yaya, cire agogon, kada Bature ya ga ƙasa.”

Shi kuma ya ce, “Kai dai ja gaba, jakin gandu.”

Daga nan ban ƙara jin komai ba, na kwashi ganyena na tafi.

Noma bai manta shi ba, ai da fartanya ya yi wayo kafin a kai shi makarantar kwana. Hannun ne ya manta. Kafin yamma ya yi bororo, washegari suka fashe, ƙotar fartanya ta yi ja. Ya yaga tsohon ɗankwalina da na bari a kan igiya, ban ce na bar masa ba, ya naɗe ya koma. Da ya shigo zaure uban ya ce ya buɗe hannun. Ya duba ya duba, ya ce, “Uwarka ta kashe ka.” Shi da Habu suka gama noman fari, suka cire geron inda ya yi yawa, suka shiga maimai. Wani gefen gonar ya riga ya tafi, ciyawa ta shanye shi, amma inda aka cim ma ya farfaɗo ya yi duhu. Ofisa ya yi baƙi, ya rame, tafinsa ya yi kanta. Mutane sun yi magana, har da masu tsayawa a kan hanya su ce sannu da aiki ranka ya daɗe. Da suka gaji suka bari, kowa yana da yunwarsa.

Gero yana fitar da kai saƙo ya zo ta bakin direban motar Ɗanbatta, daga wani abokin karatunsa, cewa wata ma'aikata a Kano za ta ga masu digiri, ya zo da takardunsa. Abin da Malam ya yi ta faɗa ke nan. Ban ga tashin hankali irin nasa ba. Ya sa aka ɗumama ruwa, ya sa aka karɓo dutsen da nake goge kaushi da shi. Na leƙa zaure da hantsi na gan su, tsoho ƙafa a miƙe da tsinken kurkunu, ya riƙe hannun ƙaton ɗansa a cikin ƙwarya yana gurzawa a hankali, yana shafa basilin, yana ɗagawa wajen haske yana dubawa. Yaron ya sakar masa hannun. Kanta ba ta fita a yini ɗaya. Daga ƙarshe Malam ya ba shi babbar rigarsa ta Idi, ya ce ya saki hannun rigar ya rufe, in za a gaisa ya miƙa yatsu kawai.

Ofisa ya tafi, ya kwana can, ya dawo da yamma ana yayyafi. Ina bayan zaure ina tsince rama, ba don in ji ba, wurin ne ke da haske. Ya ce harabar ma'aikatar ta cika ta batse, masu digiri har kan titi, wasu daga garuruwan da bai taɓa ji ba. Suka wuni a rana. Can wani ya fito kan baranda ya ce kowa ya ajiye takardunsa, wanda ake so zai ji.

Malam ya ce, “Da ka miƙa takardar, ya ga hannun?”

“Baba, a kwali aka ce mu zuba. Ba wanda ya kalli hannuna. Ko fuskata ba a kalla ba.”

Sai Malam ya ce a miƙo masa buta. Washegari da na kai masa koko ya amsa gaisuwata. Ya tura mini kwalbar basilin da ƙafarsa mai lafiya, ya ce in shafa wa kaushina, ya ga ya tsage. Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan maganar ke nan har ya koma ga Allah. Daga kwalin kuwa ba a taɓa ji ba.

Muka ci tumu a shekarar kamar ba za mu bari ya nuna ba, a gasa zangarniya a murje a tafi a watsa a baki da zafinta. Kaka ta zo. Abin da aka samu ba na fahariya ba ne, rumbu bai wuce rabi ba. Ranar da ake ɗaurin dami na zuba ido in ga ko Habu zai ware nasa gefe. Shi yake miƙawa, yayansa yana kan rumbu yana karɓa, suna gardamar wanda ya fi wani iya ɗauri. Duka a rumbu ɗaya aka zuba. Maganar raba tukunya ba ta sake tashi ba sai bayan rasuwar Malam, shi ma rabon gado ne ya kawo ta, ba faɗa ba.

Ofisa ya ƙara wasu daminun yana noma kafin ya sami koyarwa a wata sakandare can nesa, aikin da a da yake cewa bai kai takardarsa ba. A nan ya ƙare har ya yi ritaya. Motar ba ta zo ba, babur ne ya zo. Yanzu yana nan gida da furfurarsa, har yau Ofisa ake ce masa, har yau ban kira sunansa ba.

Sadiku kuwa jika ne, babu wannan nauyin tsakaninmu, mijina ne na wasa. Jiya na sa aka kira mini shi na ce, “Kai maigida, wace irin mata za ta zauna da mai gadin darbejiya?” Ya yi dariya ya ce ai aiki yake nema, yanzu a waya ake nema. Na ce suna ganin hannunka ta ciki? Ya ce ba sa ganin komai, ka cika ka tura, ko an gani ba a cewa an gani. Na ce ashe kwalin ne aka mayar ƙarami. Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Na kama hannunsa na shafa. Tuwon shinkafa, ba basilin ba komai. Da Malam yana raye da ya yi murna.

Da yamma uban Sadiku ya aiko Ladi, ita ma ta tsufa yanzu, wai a gaya wa Inna ta yi wa yaron nan irin nasa. Na ce ta ce masa na ji.

Yau da rana na sa aka zuba abincin Sadiku aka kawo mini. Na riƙe kwanon na zauna ina lissafin inda zan aika da shi. Gonar gawo an raba ta gado, an sake rabawa. Gefen titi an yi shaguna, gawon kansa an sare an yi gini a wurin. Rabon Ofisa ya sayar da rabi ya biya karatun su Sadiku, saura kuwa bai fi shimfiɗar tabarmi ba, shi ma ɗan Habu ne ke haɗawa da nasu, ya kira masu shanu su huɗe, ya goya tulun feshi ya kashe ciyawar kafin hantsi. Ba wanda ke duƙe a can da za a ji nauyinsa, ba fartanya a reshe.

Abincin ya fara hucewa a hannuna. Na ce a kai masa gindin darbejiya.